Wata takwas ina zuwa wata kilinik a Yamai saboda firgici, ga abin da na gani

Ba zan faɗi sunan wurin ba, in gaya muku tun yanzu, don akwai maganganun da zan yi waɗanda ba yabo ba ne kuma ba ni so a ce na zo ɓata ma wani kasuwa. Kilinik ce mai zaman kanta a nan cikin Yamai, gidan kwana ne anka maida shi asibiti, da iccen bedi a tsakar gida da benci biyu ƙarƙashinshi. Lokotoron ƙwaƙwalwa yana zuwa sau biyu a sati da marece, sai wata mata sikolog, wato mai jinyar tunani ta hanyar magana, da ke nan kusan kullum. Su biyun nan na yi hulɗa da su, sauran ma'aikatan gaisuwa kawai ke haɗa mu, ban da sakatariya wadda za mu zo kanta.

Ni ɗan Tawa ne amma na daɗe a nan, ina da ɗan shago na kayan moto a Katako, gida kuma a Harobanda, wato kullum sai na ƙetare gadar Kennedy safe da marece. Abin ya fara kama ni ne a kan gadar nan cikin watan Afrilu, kun san zafin Yamai a lokacin, digiri 40 ma ba labari ba ne. Cunkoso ya tsaya cak, gabana raƙumi ne da kayan tabarmi, bayana taksi sai oda yake, ni ina kan moto ba gaba ba baya. Kawai na ji zuciyata ta fara bugu kamar ana daka gero a ƙirjina, numfashi ya ƙi isa, hannuwa sunka yi sanyi suna tsira-tsira har leɓena, gumi ya jiƙe ni, kuma abin da ya fi ba ni tsoro, komai na gabana ya koma kamar ba gaske ba, kamar ina kallon mutane ta bayan gilashi. Wallahi kalmar shahada na fara. Na jingine moto jikin ƙarfen gada, wani bawan Allah da ban san shi ba ya riƙe min ita, anka sa ni taksi sai irjans, sashen gaggawa na asibiti.

Anka auna tansiyo, ta ɗan hau kaɗan. Anka yi gwajin palu, babu. Anka manna min wayoyi a ƙirji anka ɗauki awon zuciya, lahiya lau. Kafin a gama duk wannan ma abin ya sake ni, sai gajiya kamar na yi dambe. Anka sa min ƙarin ruwa leda ɗaya, anka ce ba ka da komai, gajiya ce da zafi, je ka huta. Wannan "ba ka da komai" ɗin shi ne ya fi komai wahalar da ni daga baya, don bayan kwana huɗu abin ya dawo ina zaune a shago ba zafi ba cunkoso, to in ba ni da komai mi ke nan?

Inna da ta ji labari daga Tawa ba ta yi wata-wata ba, ta ce iska ce, ka ratsa gulbi da tsakar rana. Anka aiko rubutu cikin bido, da hayaƙi, anka kai ni ruƙiya sau uku. Ban raina ko ɗaya ba, kuma har gobe ina azkar ɗina, amma abin bai daina zuwa ba. Sai wani abokina na fada ya ba ni Lexomil, wannan doguwar farar ƙwaya da ake karyawa gida huɗu, ya ce in ka ji ya taso ka sa kwata ɗaya. Gaskiya tana aiki, cikin ɗan lokaci jiki ya yi laushi. Daga kwata na koma rabi, daga "in ya taso" na koma "kada ya taso", kafin wata uku ban iya fita gida sai na sha. A lokacin kuma duniyata sai ƙanƙancewa take. Na daina hawa gada, na koma kwana gidan ɗan baffana a Boukoki ina zuwa wurin iyali ranar Lahadi da sassafe kawai, shi ma ido rufe a bayan taksi. Masallacin Juma'a na koma sahun ƙarshe bakin ƙofa. Aski ma na daina zuwa don in anka ɗaura min zanen nan a wuya ji nake an kama ni. Yatsana kullum yana kan jijiyar wuyana ina ƙirga bugu.

Matar ɗan baffan nawa ungozoma ce a wata likita, ita ce ta zaunar da ni ta ce wanga abu yana da suna kuma yana da magani, ka ga likitan ƙwaƙwalwa. Na ce haba Anti, Pavillon E za ki kai ni? Duk ɗan Yamai ya san mi ake nufi in anka ce ma mutum Pavillon E, sashen masu taɓin hankali ne na babban asibitin ƙasa kuma ya zama abin tsokana a bakin mutane. Ta ce can ma likitoci ne da sunka san aikinsu kuma ya fi sauƙin kuɗi, amma tunda kunya ke damunka ga wata kilinik. Kunyar nan ta ci min kuɗi sosai, na yarda.

Ranar farko randebu ƙarfe huɗu anka ba ni, ban ga lokotoro ba sai da anka kusa kiran isha'i. Haka abin yake duk zuwan da na yi wurinshi, bai taɓa kama lokaci ba ko sau ɗaya, don daga wani aikin yake tasowa. Wannan na iya haƙuri da shi. Abin da ban iya haƙuri da shi ba, ɗakin jira ɗaya ne da masu awon ciki da masu kawo yara, sai sakatariya ta ɗaga murya daga bayan teburinta ta ce "wa ya zo wurin likitan ƙwaƙwalwa?" Kowa ya waigo. Ni da na biya jaka goma sha biyar don kada a gan ni, ga ni ina ɗaga hannu kamar ɗan lakwal. Na yi musu magana daga baya, sunka gyara na sati biyu, sunka koma gidan jiya.

Amma da na shiga, to, nan ne kuɗina ya fara biya. Mutumin ya ba ni kusan minti 45 bai duba agogo ba. Ya tambaye ni abubuwan da babu wanda ya taɓa tambayata: kofi nawa na shayi nake sha a fada, ina cin goro, ina shan Nescafé, ina taɓa tramol ko wani abu, yaya barci, akwai wanda ya mutu kwanan nan a dangi, ko na taɓa tunanin kashe kaina. Wannan ta ƙarshen ya yi ta kai tsaye ba kwana-kwana, na ce a'a, ni tsoron mutuwa ma ke kashe ni. Ya yi dariya kaɗan. Ya duba takardar awon zuciyata, ya rubuta min gwajin jini na tiroyid, wato ƙullun nan da ke gaban wuya, da na ƙarancin jini da suga, ya ce waɗannan kan iya kawo bugun zuciya da rawar jiki irin wannan, sai an tabbatar ba su ba ne kafin a ce firgici ne. Gwajin ya fito lahiya.

Sai ya ba abin suna, da Faransanci trouble panique, wato ciwon tashin firgici. Yadda ya yi min bayani, jiki yana da ƙararrawar haɗari, in kura ta fito maka sinadarin adrenalin ke zuba cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru, gumi ya zo, don ka gudu ko ka yi faɗa. Tawa ƙararrawar tana kaɗawa ne ba kura. Tsira-tsiran hannu da leɓe da jiri kuma, ya ce yawancinsu daga numfashin da nake ja da sauri ne, ina fitar da iskar karbon fiye da kima, ba wai iska ta kasa min ba kamar yadda nake ji, ta ma yi yawa ne. Kuma abin yana kai ƙololuwa cikin kamar minti goma sannan ya fara sauka da kanshi, ko ka sha ƙwaya ko ba ka sha ba. Na ce to ai ni ƙwayar ke saukar min da shi. Ya ce sau da yawa kafin ta narke ta shiga jini ma abin ya riga ya juya. Ban yarda ba a ranar. Daga baya na karanta cewa hukumar lahiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ke fama da cututtukan fargaba a 2019, na ce ashe muna da yawa, kowa ya ɓoye nashi a sahun ƙarshe.

Maganin da ya rubuta min sertraline ne. Ba ina cewa kowa ya je ya saya ba fa, don Allah, akwai wasu irinshi kamar fluoxetine da paroxetine da escitalopram kuma likita ne ke zaɓa ma mutum gwargwadon jikinshi da sauran magungunan da yake sha. Ya fara ni da miligiram 25 na sati ɗaya sannan 50. Ya ce ba irin Lexomil ba ne, ba a shan shi don abin ya taso, kullum ake sha kuma sai ya yi sati huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninshi sosai. Lexomil ɗin kuma ya hana ni yankewa lokaci guda, ya ce irin waɗannan, da shi da diazepam da Xanax duk gida ɗaya ne, jiki yana sabawa da su, ƴan satuttuka kaɗan ya kamata a sha, kuma wanda ya daɗe yana sha in ya tsaya kwatsam yana iya rasa barci, jiki ya yi ta rawa, wani har farfaɗiya. Ya tsara min ragewa kwata-kwata a hankali, ya ɗauke ni kusan wata biyu.

Ga babban ƙorafina da shi. Ya ce min "farko-farko za ka iya jin ɗan ba daɗi", haka kawai, yana rubutu kanshi a ƙasa. Ɗan ba daɗi? Kwana goman farko sun fi duk watannin baya muni. Tashin zuciya da safe, ciwon kai, barci ya gudu, fargabar ta ninka, ina zaune ƙafata na rawa ita kaɗai. Na kira kilinik, sakatariya ta ce lokotoro ba ya nan sai ranar randebu, kuma ba a ba da lambarshi. Na ɗauki kwalin na nufi shara wallahi. Wani mai farmasi a unguwarmu ne ya tsai da ni, dattijo, ya ce wanga sananne ne, irin waɗannan magunguna kan tada fargaba a farko kafin su kwantar da ita, shi ya sa ma ake farawa da kaɗan, ka daure in dai ba ka ga ƙuraje ko kumburi ko mugun tunani ya zo maka ba, in ka ga haka ka koma likita a ranar. Maganar minti biyu ce. Da a ofis anka yi min ita da ban kwana goma ina zaton an ba ni guba ba. Mutum nawa ne sunka zubar da maganin a kwana na biyar sunka ce bai karɓe su ba?

Wajen sati na biyar ne matata ta ce ta lura na daina taɓa wuyana. Ni ban ma lura ba. Ba wani farin ciki maganin ke sa ka ba, kuma ba ya bugarwa, abin da na ji shi ne kamar rediyon da ke ta ƙara a ɗaki an rage mishi murya. Yana da nashi haraji, harkar iyali ta yi sanyi, na ji nauyin faɗa har wata biyu, da na faɗa lokotoro ya ce sananne ne kuma da na yi magana tun farko. Sau ɗaya kuma maganin ya yanke a gari, na zagaya farmasi huɗu babu, na yi kwana uku ban sha ba, jiri da wani abu kamar kuran na jan kaina in na juya ido. Tun daga nan ba ni bari kwali ya kai rabi ban nemi wani ba. Da azumi ya zo ya ce in maida shi lokacin sahur, ban sha wata wahala ba.

To sai Madam sikolog, wadda ita ce dalilin wanga dogon rubutu. Jaka goma kowane zama, sati-sati. Na je ina zaton nasiha za a yi min, ka yi haƙuri, ka daina tunani, irin wadda na sha a gida kyauta. Sai ta miƙo min kaye da bik ta ce aikin gida za mu yi. Tsarin ana ce mishi TCC, gyaran tunani da ɗabi'a, wani likitan Amurka Aaron Beck ne ya kafa tushenshi a shekarun 1960, ya rasu a 2021 yana da shekara 100, sannan wani Bature ɗan Ingila David Clark ya fito da bayanin yadda firgici ke juyawa a 1986. Wannan bayanin ta zana min a takarda kamar zobe: ka ji wani abu a jiki, ko da bugun zuciya ne na hawan matakala, sai tunani ya ce zuciya za ta tsaya, tsoro ya zubo adrenalin, bugun ya ƙaru, tunanin ya ce ka gani ko, haka har ka kai irjans. Duk lokacin da abin ya zo in rubuta ina nake, mi na ji a jiki, mi na ce ma kaina daidai lokacin, tsoron ya kai nawa cikin goma, mi na yi.

Layin "mi na yi" ɗin nan ne ya tona min asiri. Ta sa na zazzage aljihuna kan tebur. Kwatar Lexomil a naɗe cikin takardar sigari bayan katin ɗan ƙasa, ledar ruwa, kwalbar turare da nake shaƙa, waya da lambar matata a sama. Ta ce duk ranar da abin ya zo ya wuce, wa kake gode mawa? Na ce Allah. Ta ce madalla, bayan Shi fa? Na yi shiru, don gaskiya cewa nake ruwan ne ya cece ni, ko don na fita da gudu ne, ko don na zauna. Ta ce to shi ya sa kiriz arba'in, wato duk tashin firgicin nan, ba su koya maka komai ba, kullum kana zaton da ƙyar ka sha, ba ka taɓa tsayawa ka ga cewa ko ba ka yi komai ba zai wuce ba.

Zama na huɗu ta ce yau za mu kira shi da kanmu. Na ce Madam lahiya? Ta ce tunda an duba zuciyarka kuma lokotoro ya yarda, tashi. Munka tsaya mu biyu muna jan numfashi da ƙarfi da sauri ta baki, ita ma tana yi, tana kallon agogon waya, minti ɗaya. Kafin daƙiƙa arba'in ga shi nan ya zo gaba ɗaya, tsira-tsiran hannu, leɓe, jiri, gilashin nan tsakanina da duniya, komai irin na kan gada. Na kama bakin tebur na ce zan faɗi. Ta ce faɗi mu gani, ga tabarma. Ban faɗi ba. Ta ce ita ma hannunta na tsira, ta nuna min yana ɗan rawa, ta ce bambancinmu ni ban ce ma kaina mutuwa ce ba. Munka zauna ba ruwa ba turare, cikin minti biyu ko uku ya washe. Na daɗe ina kallon hannuwana. Abin da anka ce iskar gulbi ce, ga shi na kira shi da bakina a ofis ƙarƙashin fanka, kuma ya tahi ba hayaƙi. Bayan nan munka yi na juyawa kan kujerar ofis don jiri, da numfashi ta siririn tsinken shan lemo hanci a toshe, da gudu a tsakar gida ina zagaya bedin nan har zuciya ta hau, mai gadi yana kallona yana girgiza kai. Kullum sai na maimaita a gida, matata ta ce maganin naku ya fi ciwon ban tsoro.

Sai gada. Munka rubuta matakai daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Fara tsayawa bakin gada minti goma ba tare da na hau ba. Sannan ƙetarewa da ƙafa bayan sallar asuba tare da ƙanena. Sannan ni kaɗai. Sannan taksi da rana ido buɗe. Na ƙarshe moto a cunkoson marece aljihu babu kwata. Sharaɗin shi ne ba a gudu in tsoro ya hau, a tsaya har ya sauko da kanshi, kuma a maimaita mataki har ya gundure ka. Na yi mata wayo sau ɗaya, na rubuta "na ƙetare da moto, tsoro 3 cikin 10", ta dube ni ta ce wace gada? Na ce ta Sinawa. Ta ce wadda ta fi faɗi kuma ba ta cika cunkoso ba? Munka yi dariya, ta soke layin. Ranar da na yi ta gaske tsoron ya kai 8 a tsakiyar gada, daidai inda na jingine moto rannan, na ji komai ya taso, na ce to zo, na ci gaba da bin bayan wata faba-faba a hankali ina kallon masu wanki a bakin gulbi, kafin in sauka Harobanda ya koma 4. Na shiga gida da magariba ranar Laraba, ɗiyata ta ce Baba yau ba Lahadi ba ce.

Wani abu da na ji daɗinshi, ba ta taɓa raina addinina ko abin da Inna ta yarda da shi ba. Na tambaye ta ko addu'ar da nake in abin ya taso ita ma cikin kayan aljihun take. Ta ce yi addu'arka yadda ka saba, abin da nake so kawai ka yi ta kana cikin sahu, kada ka yi ta kana neman takalmi. Sahu-sahu na dinga matsawa gaba duk Juma'a. Shayi kuma ba ta hana ni fada ba, cewa ta yi in bar na farko mai ɗacin nan in jira na uku, goro in rage, don kafeyin ɗinsu na tada bugun zuciya. Ƴan fada sun yi min tsiya sosai, wai na zama tsoho.

Nata laifin ita ma akwai. Bazabarma ce, Hausarta ta kasuwa ce, in magana ta yi zurfi sai ta koma Faransanci, kuma duk takardun aikin gida da Faransanci suke. Ni na yi lakwal har koleji na iya bi, amma wanda bai yi ba fa, ko mace irin Inna, yaya za ta cika kaye? Na tambaye ta, ta ce tana sa su yi rikodin murya a waya, to amma ban ga an shirya wurin don irinsu ba. Zaman minti 45 ne a baki, wani lokaci waya ta katse shi sau biyu kuma ba a cika maka. Bangon ofis ɗin katako ne, ina jin kukan matar da ke gabana daga benci, wanda ke nufin ana jin nawa. In kuran ya ɗauke kuma gurup ɗinsu a bayan tagar yake, sai kun ɗaga murya, ka yi tunanin faɗin sirrinka da ihu.

Kuɗi. Zama 12 munka shirya, na yi 14 don na koma baya bayan rasuwar wani maƙwabcinmu da ya yanke jiki ya faɗi, sati biyu ina ƙirga bugu kamar da. Zaman Madam jaka 140 ke nan, lokotoro jaka 15 na farko da jaka goma-goma sau huɗu, gwajin jini wajen jaka 30, duka ya haura jaka 220 ban da magani na kowane wata, ni kuma ba asirans gare ni ba, daga cinikin bujiya da sarƙar moto ya fita. Ba su da wani ragi ko biya kashi-kashi, na tambaya. Wanda bai da hali, gaskiya ya bi shawarar da Anti ta fara ba ni, ya je asibitin gwamnati ya ajiye kunya, ya tambaya ko akwai mai yin TCC.

In za a ce in ba su maki, lokotoro bakwai cikin goma, da ya yi bayanin kwana goman nan da tara zan ba shi. Madam tara. Tsarin wurin da karɓar mutane huɗu, shi ma don bedin. Wanda zai je ya sani cewa maganin kaɗai da na tsaya a kanshi da ƙila har yau ina Boukoki da fargaba mai sauƙi, don shi bai san gada ba, kuma da ba don shi ba ban jin zan iya tsayawa in ja numfashin nan a zama na huɗu. Kuma don Allah wanda ya ji ciwon ƙirji ko numfashi ya ɗauke mishi karon farko kada ya ce ai firgici ne irin na mai shagon Katako, ya je a duba zuciyar tukuna, ni ma sai da anka duba tawa.

Abin bai ɓace ɗungum ba. Cikin wata biyun nan ya zo sau biyu, ɗaya a cikin Babbar Kasuwa ina tsakiyar ciniki, na ji hannu ya fara, na ci gaba da ƙirga canji har ya wuce, mai kayan bai ma sani ba. Har yanzu ina shan maganin, lokotoro ya ce aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi sannan a fara ragewa a hankali, ba ni zan yanke ma kaina ba. Kwatar Lexomil ɗin tana manne da salatif a shafin ƙarshe na kaye, Madam ce ta manna ta ta rubuta kwanan wata a ƙasa. Inna kuwa ta tabbata rubutun malaminta ne ya yi aiki, satin da ya wuce ma wani bidon ya iso ta motar Tawa, na sha abina na kira ta na yi godiya. Randebuna na gaba ranar Talata ne ƙarfe huɗu, na riga na ce ma yaron shago ya rufe shi kaɗai, matata kuma ta ajiye min tuwo, don na san sai bayan isha'i.